Haruffanmu Masu Ƙugiya

Yaya Lukuman,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Ruwa ya sauka Bungudu kuwa?

Ni lafiya lau nake a Jamus, sai dai na kasa zama wuri ɗaya. Aikina shi ne sauƙaƙa wa masu rubuta manhaja sarrafa haruffa irin namu, ƙ da ɗ da ɓ, don kwamfuta ta daina mayar da su alamar tambaya. In ban gama a watan nan ba, ba za a sabunta mini takardar zama ba. Kada Inna ta ji.

Jiya na gwada da sunanta, Ɗayyaba. Ya fito cif, har na kasa rufe kwamfutar. Ka ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Mannir