Kwanon Baba da Ciwon Kyaftin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙa maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana ya warke daga ciwon bayan nan, har ya koma gareji yana cika baki wai shi ƙarfe ne. An gyara famfon tsakar gida, amma ƙofar kicin har yanzu sai an sa mata kafaɗa.

Yaya, na kasa faɗa maka wannan a waya, don kullum Baba yana kusa, kuma ka san kunnensa ya fi idonsa aiki. Karenka Kyaftin ba shi da lafiya, hankalina kuwa a tashe yake. Tun rasuwar Mama shi kaɗai ke iya fitar da Baba daga ɗaki. Da safe zai yi ta kartar ƙofa har Baba ya ɗauki sanda, su taka zuwa shagon aski su sha hira a benci. Makon jiya sai aka wayi gari bai karta ba. Na same shi kwance a ƙarƙashin matattakala yana haki, dasashinsa fari fat, fitsarinsa kuwa kamar ruwan shayi.

Muka sa shi a mota zuwa wurin likitar dabbobi, Baba ya nace sai ya biyo mu. Ta ɗebi jini ta auna, ta ce ya yi ƙasa ƙwarai, sannan ta tambaye ni ko yana samun albasa ko tafarnuwa. Ta ce su ne ke lalata jinin kare a hankali, ɗanye da dafaffe duk ɗaya. Ta kuma ja mini kunne a kan cakulan, inabi da zabibi, cingam marar sukari, da dafaffen ƙashin kaza. Ni kuwa na buɗe baki har da rantsuwa, na ce daga abincinsa na buhu sai ɗan nama, ko kusa da tukunyata ba ya zuwa. Ina cikin wannan kurin na waiga, sai na ga Baba ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa.

Ka tuna lokacin da hawan jinin Baba ya tashi, Gwaggo ta ce a riƙa cika masa tafarnuwa da albasa a miya. Ka san ni ba na yin abu rabi-rabi, har maƙwabta sai da suka san muna da marar lafiya. Kullum in kai masa kwano ɗaki, ya ce in ja masa ƙofa, an jima in ɗauko kwanon a suɗe tas. Ina ta murna, har albishir na yi maka cewa Baba ya dawo da cin abinci. A nan wurin likitar ya faɗi gaskiya: ashe ɗan taɓawa yake yi, ya sauke wa Kyaftin sauran. Ya ce tunda babu Mama abinci ba ya wuce masa, kuma ba ya so in ga ragowa in shiga damuwa. Sai a lokacin na lura agogon hannunsa yana yawo a tsintsiyar hannu. Wallahi a gaban likitar na fashe da kuka.

An yi wa Kyaftin ƙarin ruwa, an ba mu magani, mun dawo gida. Likitar ta ce idan bai farfaɗo ba sai an ƙara masa jini, kuma ba ta yi mini alƙawarin komai ba. Baba ya kafa kujera a gindin matattakala, yana ta maimaita cewa da hannunsa ya ci amanar ɗansa. Ya roƙe ni kada in sanar da kai. Tsorona, Yaya, idan karen nan ya mutu, Baba zai ja ƙofar ɗakin nan kuma ban san wanda zai sake buɗe ta ba.

Don Allah ka kira Baba, amma ka daidaici lokacin cin abinci, ka ɗauko naka kwanon ku ci tare yana jin muryarka. Kada ka nuna ka sani. Ni ma yanzu a gindin matattakalar nake cin nawa. Ɗazu da rana Kyaftin ya ɗaga kai ya lashi ruwa, Baba kuma ya ci rabin kwano ina kallo. Ban taɓa jin daɗin kwashe ragowar abinci irin na yau ba.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Mutum, da 'Yar Auta mai surutu. Gwaggo tana gaishe ka, amma ita ma ba ta sani ba tukuna. Ku saka mu a addu'a.

Taka,
Ƙanwarka