Kwanon Tuwon Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Ina fatan kowa lafiya.

Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Geron rumbu ya ja baya, ga kaka da saura, shi ya sa na rage awo, na ce a dakatar da ciyayyar tuwo da maƙwabta. Ashe Inna nata kwanon take aika musu, ta kwana da yunwa. Jiya na gane. Ta ce, "Tun ina amarya kwanon nan yake shiga gidansu, ba a kaina zai tsaya ba."

Ka kira ta, maganarka take ji. A sa mu a addu'a, a gaida yara. Kafin ka kira, nawa tuwon nake rabawa biyu, ni da ita.

Ƙanwarka Hadiza,
Gafasa