Kusheyin Fatake a Tsohon Zango

Zuwa ga Mai Girma Injiniya, shugaban aikin hanyar da ta ratso ƙauyenmu tsakanin Wurno da Goronyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai koyar da matan aure karatu ce a cikin gida, ban saba ɗaga murya ba. Na tuhumi kaina ko don Allah nake wanga rubutu ko don sunan gidanmu. Zuciyata ba ta ba ni amsar da ta gamsar da ni ba, amma motar haƙa ba za ta jira ni ba.

Na farko. Filin da ma'aikatanku ke ɗibar jar ƙasa, bayan itatuwan aduwa, maƙabarta ce. Nan ne zangon da kakana ya riƙa, inda ayarin Azbinawa ke sauke gishiri da dabino, fataken goro su kwance wa jakuna kaya. Wanda ajali ya riska a hanya, nan ake rufe shi, ayari ya wuce.

Na biyu. Ban zargi ma'aikatanku da ganganci ba. Kusheyin sun shafe, shaidar kowace ɗaya fasasshiyar tukunya ce da anka kife wajen kai. Duk bayan damina mazan gidanmu kan mayar da ƙasar da ruwa ya ci, su sake tukwanen. Baƙo zai zaci juji ne. Ƙanena ya yi wa ma'aikatan bayani, sunka saurare shi da ladabi, sunka ce sai umarni ya zo daga gare ka. Ramin kuwa kullum matsowa yake. Jiya ƙanen nawa ya shigo da tsingaron tukwanen cike da aljihu, ya zuba a gabana.

Na uku. Muna son hanyar. Na san abin da mai naƙuda ke sha a kan tsohuwar hanya da damina.

Roƙona, ranka ya daɗe, a dakatar da haƙa a wanga wuri, ka tako da kanka dattawa su nuna maka iyaka. In ƙasa ce ta yi wuya, ga gonar gadonmu, ni da ƙanena mun yarda a ɗiba.

Ba mu san sunan ko ɗaya daga cikin mamatan nan ba, ba mu san mi sunka bari a gida ba. Danginsu ba su san inda suke kwance ba balle su zo su roƙe ka. Mu kaɗai anka bar wa su.

Allah ya yi maka jagora, ya sa naka makwanci a hannun masu tausayi.

Wassalam.

Jikanyar mai zango.