Farar Fuskar Sanikolas

Zuwa ga Tanchi Lusia,

Ki taimake ni da shawara, don ba ni da wanda zan tambaya. Yau Lahadi ce, ƙarshen watan Nuwamba. Gwiwoyina sun kumbura tun safe, tarin nan bai sake ni ba, hannuna kuma rawa yake yi har na daina aske gemu, saboda haka ki yi haƙuri da rubutun. A da, a makarantar mishan, rubutuna ake ɗagawa a nuna wa aji. Kowa Tanchi, wato gwaggo, yake ce miki, ni ma na bi sahu, ko da yake na tabbata na haife ki.

Na haura tamanin. Ni kaɗai nake zaune a unguwar Otrobanda tun da matata Altagrasia ta rasu. Shekaru masu yawa ni ne waliyyi Sanikolas na unguwarmu. Duk farkon Disamba ni nake sa jar alkyabba da doguwar hular bishop da gemun auduga, in raba kyauta ga yaran da suka ajiye wa dokin waliyyi ciyawa a cikin takalmi. Ni baƙi ne wuluk, kamar ubana. Don haka Altagrasia take zaunar da ni a baranda ta shafa min farin fenti, ta bi da hoda, har kunnuwa da bayan wuya, ta sa min safar hannu. Samarin da suke fitowa a barorina, masu ɗaukar buhun kyauta, su ma baƙaƙe ne, amma sai sun ƙara da baƙin tukunya sun yi jan baki. Ba wanda ya taɓa cewa uffan. In rana ta yi zafi gumi ya fara tsaga fentin, sai ta biyo akori-kurar da ake zagayawa da ni da tawul da gwangwanin hoda, tana cewa in sunkuyo, waliyyi yana narkewa. Gwangwanin yana nan inda ta bar shi.

Bana Shon Fefa, shugabar kwamitin unguwa, ta zo ta roƙe ni in yi na ƙarshe, a zaune kan kujera, tun da ƙafa ta ƙi. Na yi murna kamar yaro.

To, ina da jika, Gilmar, ɗan 'yata. Shi kaɗai ya rage min a tsibirin nan. Ya daɗe a Rotterdam, can ƙasar Holanda, bara ya dawo da 'yarsa Zulaika, mai shekara shida. Duk Lahadi suna kawo min tuwon funchi na garin masara da miyar kuɓewa, yarinyar ta hau cinyata tana jan gemuna tana cewa na yi kama da akuya. Makon jiya na ba shi labarin, ina tsammanin zai taya ni murna. Sai ya ajiye cokali. Ya ce bai taɓa gaya min abin da ya dawo da shi gida ba: a makarantarta ta can, da Disamba ta zo, yara suka riƙa kiran Zulaika da sunan baran Sanikolas, suna tambayarta ina buhunta, malamar kuma ta ce ai wasa ne. Yarinyar ta dawo gida ta shiga wanka tana ta cuɗa fatarta, ta ƙi fitowa. Sannan ya kira ni da sunan da jikoki suke kiran kaka, ya ce, "Welo, ka sa alkyabbarka, ni da kaina zan tuƙa motar. Amma in ka shafa fentin nan, ba zan kawo ta ta ga kakana yana goge kansa ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa wariyar launin fata ta can ce, a nan ta ƙare tuntuni, likitana da limamin cocinmu duk launinmu ne. Na ce Holanda ta koya masa raina tsofaffi. Na tambaye shi ko kakarsa da take shafa min fentin da hannunta wawuya ce. Ya tashi ya wanke kwanonin, ya ce sai Lahadi.

Na aika aka kira min Shon Fefa, na gwada mata zancen fita ba fenti. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce yaran za su ce ga tsohon nan na kusa da shagon burodi ya saci kayan waliyyi, ina na gaskiyan? Ta ce iyaye abin da suka saba suke so.

Akwai abin da ban gaya wa Gilmar ba. Na yi aikin akawu a matatar mai. Turawan wurin suna da gidan shaƙatawarsu, irinmu ta ƙofar baya muke shiga, in ma an bar mu. Wata shekara Sanikolas ɗinsu ya kwanta ciwo, aka are ni. Da farin fentina, ta ƙofar gaba na shiga. Wani babba da bai taɓa amsa gaisuwata ba ya rusuna min, ya ɗora 'yarsa a cinyata. Tanchi, na ji daɗin ranar nan, har gobe ina jin daɗinta. Laifi ne?

In fasa ne gaba ɗaya, ko in yi yadda na saba in rasa Gilmar da 'yarsa? Wata Disambar ba lallai ta same ni ba.

Tun da aka taso daga coci na sa aka fito min da kujeru uku baranda. Yanzu inuwa ta kai ƙofar maƙwabta, mai burodi ya rufe. Gilmar bai zo ba.

Tsohon Sanikolas, Otrobanda

*

Shon Sanikolas,

Na karanta wasiƙarka, rubutun kuwa har yanzu na ɗagawa a nuna wa aji ne. Ni ma na ajiye ciyawa a takalmi ina yarinya, wataƙila ma a hannunka na karɓi alewa. Na gode.

Ba laifi ba ne da ka ji daɗin ranar nan, kuma Shon Altagrasia ba wawuya ba ce. Abin da ta tarar ana yi ta yi, da ƙauna ta yi shi. Gilmar ya yi gaggawa da ya kafa maka sharaɗi a kan kwanon tuwo, bai kuma kyauta ba da ya bar tsoho mara lafiya yana kallon hanya.

Amma ka sake karanta abin da ka rubuta min. Mutumin nan ya rusuna wa akawun da yake wucewa kullum ba ya amsa gaisuwarsa. Kai ne, muryarka ce, cinyarka ce. Fenti kawai aka ƙara. Ka ce abin ya ƙare a nan. Gaskiya ne an samu sauyi mai yawa, ƙofar bayan nan ta zama tarihi. To amma a makon nan maƙwabciyarka ta yi dariya don an ce mai alheri zai fito da fuska irin tata. Yarinya mai shekara shida kuma ta riga ta koyi wanda yake ba da kyauta da wanda yake ɗaukar buhu. Abin da Gilmar yake tsoro ke nan. Ba kai yake jin kunya ba, 'yarsa yake karewa.

Ga shawarata. Kada ka jira wata Lahadin, ka kira shi gobe da safe. Ina zargin shi ma yana zaune yana jiran wayarka, don taurin kan nan ba a Holanda ya samo shi ba. Ka janye maganar raina tsofaffi. Sannan ka ba shi labarin ƙofar gaba, yadda ka ba ni. Bai san abin da fentin yake nufi a wurinka ba, kamar yadda ba ka san zancen wankan ba sai makon jiya.

Bayan haka ka fita a Sanikolas, da fuskarka. Ka gaya wa Shon Fefa haka za ka yi, cikin ladabi, ba roƙo ba. Ita ta zo nemanka. Wasu iyaye za su yi gunaguni, ba zan ɓoye maka ba. Yara kuwa alkyabba suke gani da buhun alewa, in ma sun gane tsohon kusa da shagon burodi, sai su yi alfahari waliyyi a layinsu yake. Samarin rakiya su sa kayansu masu launi, a bar wa tukunya baƙinta. In kwamiti ya ƙi, barandarka ta isa, yaran unguwa sun san hanya.

Ka sa a duba tarin nan kafin ranar. A sa kujerar a inuwa, ruwan sha a kusa, kada ka daɗe cikin alkyabba mai nauyi.

Gwangwanin hodar ka bar shi inda ta ajiye shi, nata ne. Tawul ɗin kuwa ka ba Zulaika, ta tsaya kusa da kai tana share maka gumi. Auduga ma ba ka buƙata bana, tun da hannu ya hana ka aski: gemun ya yi fari da kansa. In yara suka ja shi don su gani ko na gaskiya ne, ba zai cire ba.

Allah ya ƙara lafiya, ya cika kujerun nan uku.

Tanchi Lusia