Dariyar da Ta Tsayar da Gayyar Rake

Zuwa ga Yaya Mamman a Fatakwal,

Sallama da gaisuwa mai zaƙin sabuwar mazarƙwaila. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, zumunci ya yi tsami a gida, kuma fim ne sila. Ran Juma'a muka kalli finafinan barkwanci biyu a shagon cajin waya a Likoro, kowanne labarin abokai biyu ne. A na farko, wawan aboki kansa yake jefawa a rami, ɗayan yana ciro shi; mun yi dariya har da hawaye. A na biyu kuwa, wani fitsararre ke kwaikwayon in'inar abokinsa a bainar jama'a, alhali ƙaninmu Sule, da tasa in'inar, yana gefena.

Sai taubashinmu Habu ya ɗauki muryar fitsararren: "Su-su-sule, ashe kai ma ɗan fim ne!"

Na ce, "Habu, na farko raha ne, wannan cin mutunci ne."

Ya ce, "Malam mai baitoci, duk dariya ce. Taubashi ba ya laifi."

Sule ya tashi ya fita, ya aiko cewa shi da 'ya'yansa ba za su taka gayyar saran raken Habu ran Asabar ba. Ni dai na ce:

Wasan da ke sa ɗaya kuka,
Sunansa na gaskiya duka.

Yaya, maganarka kaɗai Habu ke ji. Ka kira shi ya je ya ba da haƙuri, domin tun ranar Sule bai ƙara buɗe baki a majalisa ba.

A sa mu a addu'a, a gaida Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Isiyaku