Faifan Hoton Inna

Ƙaura Namoda, Talata

Yaya Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahina da yara. Ya kasuwar Shinkafi? Mu nan sai godiya.

Na'urar karanta faifan fulofi, irin faifan kwamfuta na da, da ka aiko ta iso. Ka ce in jira ka mu haɗa ta da tsohuwar kwamfutar Baba, mu buɗe faifan da ke ɗauke da hoton marigayiya Inna, wanda ba mu da wani sai shi. To, Kawu Ɗanasabe ya riga ka. Ka san shi, tun da ya taɓa gyara injin niƙa a Zurmi ya zama injiniya.

Yaya, abin ƙyama! Da bakinsa cike da goro ya hura cikin na'urar, wai ƙura yake fitarwa, har jan yawu na gani a bakinta. Ya goge faifan da gefen rigar da yake share gumi. Sannan ya ɗauko wayar haɗa na'urar da kwamfutar, mai faɗi, mai jan layi a gefe. Ta ƙi shiga, sai ya sa wuƙar yankan albasa ya fere ɗan tudun da ke kanta, ya danna ta da ƙarfin tsiya. Na ce a bari ka zo, ya ce yaushe aka haife ni.

Da ya sa faifan ya kunna, koriyar fitilar na'urar ta kama ta ƙi mutuwa. Ya ce alamar aiki ke nan, ya sa aka kawo masa fura. Allon bai nuna komai ba. Raina bai kwanta ba.

Ƙanwarka,
Firdausi

Ƙaura Namoda, Asabar

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, abin da nake tsoro ya faru. Na kai kayan wurin Malam Murtala mai gyaran kwamfuta. Ya ce a juye Kawu ya cusa wayar, kuma tudun da ya fere shi ne ke hana yin hakan. Duk lokacin da fitilar nan ke ci muna kallo, ashe na'urar goge abin da ke cikin faifan take yi. Ya haɗa daidai, ya gwada har ya gaji. Babu hoto.

Na gaya wa Kawu. Ko gezau! Ya ce dama kayan Bature ba su da ƙarko, kuma ajiye hoton mamaci ba shi da wani amfani. Inna ƙanwarsa ce fa, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi ko tabarmar da ya zauna a kai ba na son gani, na sa an fitar da ita.

Ina goye ta rasu, Yaya, kai kuwa ka yi wayo da ita. Don Allah ka zauna ka rubuto mini kamanninta. Kada ka ce kyakkyawa ce kawai, kowa haka yake ce mini. Ka fara daga idanunta.

Ƙanwarka,
Firdausi