Kujerar da Inna ta zaɓa

Asabar da dare, Rafin Guza

Yau dai mun je Badarawa wajen masu kujerun kushin. Da safe na auna falonmu da igiyar shanya, na ƙulle daidai inda ƙofa take buɗewa. Maigidana, Baban Hanifa, mai zaman mutum uku yake so, irin ta ogansu na Unguwar Rimi. Na ɗora igiyar a kanta, kujerar ta wuce ƙullin da taki guda.

Da Inna, mahaifiyarsa, muka je. Mai shagon ya nuna mata wata ƙarama ya ce, "Hajiya, zauna ki ji laushi." Sai ta cire takalmi, ta zauna a kafet, ta jingina da ita. Ta ce, "Wannan ba ta cin baya."

Ita muka ɗauko, ta kuwa shiga falon daidai.

Tunda Inna ta dawo wurinmu da zama, a tabarma take wuni, kuma ba mai hawa kujera tana ƙasa. Bayan isha'i mu uku muka jeru a ƙasa, kowa ya jingina. Gaskiyarta ce, ba ta cin baya.